Tsarnawa: Inda Ake Tuna Soja da Addu'a

Duk wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya nufi gabas, ba zai yi nisa ba zai iske Tsarnawa. A nan hanya take rabuwa biyu: ɗaya ta miƙe Malbaza da Galmi har Maraɗi, ɗaya ta karkata arewa zuwa Tawa. Masu tallar bakin kwalta sun saba ganin motocin soja suna bin ta arewa. Akan ɗaga musu hannu, a ce Allah ya kai lafiya, ya maido lafiya.

Sai dai ba duka ke dawowa ba. A watan Oktoba na 2016 an kashe jami'an tsaro 22 a Tazalit, cikin wannan jiha ta Tawa. Ranar 10 ga Disamba 2019 sojoji 71 suka kwanta dama a Inates, wata guda bayan haka wasu 89 suka bi su a Cinagodar. Mamatan Inates a Yamai aka yi musu sutura, cikin sansanin sojan sama, a filin da aka keɓe wa shahidai, kowace gawa lulluɓe da tutar ƙasa. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta Illela, ya halarci jana'izar, aka yi zaman makoki na kwana uku.

Daga wannan yanki zuwa Yamai ya haura kilomita 400. Uwar da ke ƙauye, wadda kuɗin mota ke yi mata wuya, takan tsufa ba ta ga kabarin ɗanta ba. Saboda haka karkara take tuna nata a yadda ta gada. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa su zauna karɓar gaisuwa. Mai zuwa ya ce, "Ya muka ji da haƙuri?" a amsa, "Haƙuri sai ma'aiki." A yi sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, a raba gumba da masa, malamai su sauke Alƙur'ani. Matar mamacin ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. In an yi haihuwa a dangi, a mayar da sunansa. Kaka ta riƙa jin nauyin kiran yaron, ta laƙaba masa wani suna. Hotonsa cikin kaki kuwa yana nan rataye a ɗaki, ana share masa ƙura.

Wannan ƙasa ta san abin da mantuwa take yi. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa ta ƙone Birnin Ƙonni, ta hallaka jama'a masu yawa. Labarin ya rayu a bakin tsofaffi, amma sunayen mafi yawan waɗanda suka tsaya kare garinsu sun bi ƙasa tare da su.

Kada mu bari hakan ta sake faruwa. Ba sai an gina dogon ginshiƙi ba. Kowace gunduma ta rubuta sunayen 'ya'yanta da suka faɗi a fagen fama, a ajiye a ofishin magajin gari, a karanta wa 'yan makaranta. A haƙa rijiya ko a gina aji da sunansu, ladan ya riƙa isa gare su. Sama da komai, a duba marayun da suka bari: abincinsu, karatunsu, lafiyarsu. Wanda ya ba da ransa domin mu kwana lafiya, hakkinsa ne a kanmu mu riƙe masa gidansa. Allah ya jiƙansu da rahama.