Takardar Gwajin Ciwon Dajin Furostet: Lambar da ke Ruɗa Masu Jinya

Idan dattijo daga Babura ko Roni ya daɗe yana fama da wahalar fitsari, galibi daga asibitin garinsu akan tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ne ake ɗibar 'yar tsoka da allura daga furostet, watau ɗan ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, a duba ta da madubin likita. Daga nan sai a rubuto takarda. Ita wannan takarda kuwa, sau da yawa ɗa ma'aikaci ko jika ɗalibi ne ke fara karanta wa iyali ita.

Ciwon dajin furostet shi ne kan gaba cikin ciwon dajin da ke kama maza a Nijeriya, saboda haka fahimtar takardar ba ƙaramin al'amari ba ne.

Ma'aunin da aka daɗe ana amfani da shi na wani likitan Amurka ne, Donald Gleason, wanda ya fito da shi a 1966. Likita yakan ba kamannin tsokar lamba daga 1 zuwa 5, ya haɗa lambobi biyu, jimla ta kama daga 2 zuwa 10. To, a yau ba a cika rubuta ƙasa da 6 ba a gwajin allura. Mai karatu da ya ga 6 cikin 10 sai gabansa ya faɗi, yana zaton cuta ta kai tsakiya, alhali ita ce mafi sauƙi. Har ila yau, 7 iri biyu ce: 3+4 ta fi 4+3 sauƙi, domin lambar farko ita ce ta nau'in da ya fi yawa cikin tsokar. In aka rubuta 7 kawai, bambancin ya ɓace.

Bisa ga haka ne ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta amince, a taronta na birnin Chicago cikin 2014, da sabon tsari mai rukuni biyar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta karɓe shi a 2016. Lamba 6 ta zama rukuni na 1. 3+4 na 2. 4+3 na 3. Lamba 8 na 4. Sai 9 da 10 na 5.

Tsarin rubutun ma yana da nasa tasiri. Takardar da aka rubuta cikin dogon bayani takan binne rukunin a tsakiyar layuka. Wadda aka jera layi-layi kuwa, sunan cutar, rukuninta, da yawan sassan tsokar da aka samu cutar a ciki, ta fi sauƙin karantawa ga likita da majinyaci duka.

Abin da rukunin ya nuna, tare da gwajin jini na PSA da hoto, shi ke taimaka wa likita ya yanke shawara. Mai rukuni na 1 ana iya sa masa ido kawai, ana maimaita gwaji lokaci-lokaci. Mai rukuni na sama kuwa yakan buƙaci tiyata, gashi ko allurar rage sinadarin maza.

Saboda haka ya kamata duk wanda ya raka mahaifinsa asibiti ya tambayi likita kai tsaye: wane rukuni ne, daga 1 zuwa 5? Ya kuma adana takardar, ya riƙa zuwa da ita duk ranar ganin likita.