Buzuzun Dutse: Yadda Fadar Fir'auna Ke Fitar da Sanarwa

Fiye da shekaru 3,300 da suka wuce, fadar Amenhotep na Uku ta Masar ta samo hanyar isar da saƙonta ga manyan jami'ai da sarakunan ƙetare. A kan sassaƙa dutse mai laushi da siffar buzuzu, a rubuta labarin sarki a cikinsa, sannan a shafe shi da ƙyalli.

Masarawan dauri sun lura da yadda buzuzu ke mirgina dunƙulen kashi, sai suka kwatanta shi da abin bautarsu Khepri, wanda suka yi imani shi ke turo rana kowace safiya. Daga nan siffarsa ta zama laya, ta kuma zama hatimin da jami'ai ke bugawa a kan laka don rufe wasiƙu da tuluna.

Amenhotep, wanda ya hau mulki wajen 1390 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya fitar da rubutu iri 5. Ɗaya ya ambaci uwargidansa Tiye da iyayenta, Yuya da Tuya, tare da iyakokin daular. Wani ya ce ya harbe zakuna 102 cikin shekaru 10 na farko. Akwai na farautar bijiman daji, da na isowar Gilukhepa, 'yar sarkin Mitanni, da mata 317 a ayarinta. Na biyar ya bayyana tafkin da aka yi wa Tiye a shekara ta 11, mai tsawon kamu 3,700, wanda aka fara ranar 1 ga wata, aka yi bikin buɗe shi ranar 16.

Sama da 200 sun tsira, an tono su daga Ugarit ta Siriya har Soleb ta Sudan. Na farautar zaki suka fi yawa, na tafkin kuwa kaɗan ne.

Masana na karanta su da hattara, domin fada ce ke ba da labarin kanta. Wasunsu na ganin tafkin fili ne da aka tare wa ruwan ambaliyar Nilu, shi ya sa aikin ya yi sauri haka. Alƙaluman dai suna nan daram, amma marubutan fadar da suka tsara su ba su bar sunansu a kan ko ɗaya ba.