Jetliner, Jirgin Kanada da Aka Yanka da Ransa

Ranar 10 ga Agusta, 1949, wani jirgin fasinja mai injin jet huɗu ya tashi daga filin Malton, kusa da birnin Toronto na Kanada. Kamfanin Avro Canada ne ya ƙera shi, aka raɗa masa suna C102 Jetliner. Da mako biyu kacal jirgin Comet na Ingila ya riga shi tashi. A duk nahiyar Amurka ta Arewa babu irinsa, don sai bayan shekara tara Boeing 707 ya soma jigilar mutane.

Tun daga fari akwai cikas. Injiniyan da ya ja ragamar aikin, James Floyd, ya tsara jirgin a kan injin Avon guda biyu na Rolls-Royce, amma ba a sake su ba, dole aka koma ga Derwent huɗu, masu shan mai. Ganin haka, kamfanin jiragen sama na ƙasar, TCA, wanda shi ya nemi jirgin, ya janye jiki. A tashi na biyu ma tayoyin suka ƙi fitowa, matuƙin ya sauke shi a kan cikinsa, kowa ya fito lafiya, aka gyara shi cikin 'yan makonni.

Daga nan jirgin ya shiga nuna kansa. A watan Afrilu na 1950 ya ɗauki wasiƙu daga Toronto zuwa New York cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, kusan rabin lokacin jiragen farfela. 

Abin da ya kashe shi ba daga jikinsa yake ba, kuma wannan shi ne abin takaicin. Yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, gwamnatin Kanada na son jirgin yaƙi samfurin CF-100 da gaggawa, kuma Avro ke yin sa. A 1951 minista C.D. Howe ya ba da umarni a ajiye Jetliner. A 1952 attajirin nan na Amurka, Howard Hughes, ya tuƙa shi da hannunsa a Kalifoniya, ya riƙe shi watanni, yana son a ƙera wa kamfaninsa na TWA guda 30. Ga mai saye da kuɗi a hannu, amma babu izinin ƙerawa. A ganina, gwamnati na da hujjar tsoron yaƙi, sai dai ba ta da hujjar rufe ƙofar baki ɗaya.

Guda ɗaya tak ya taɓa tashi. A watan Disamba na 1956 aka dakatar da shi, aka yayyanka shi. Kansa kawai aka bari, yana gidan tarihin jiragen sama na Ottawa. TCA kuwa bai sa jirgin jet a layinsa ba sai a 1960, kuma DC-8 ya sayo daga Amurka.