Ibadan: ɗakunan kwanan ɗalibai, daga ɗaki guda mutum guda zuwa cinkoso

In ana zancen tsofaffin jami'o'in Afirka ta Yamma, sai an ambaci ta Ibadan, a ƙasar Yarabawa ta Najeriya. An buɗe ta a shekara ta 1948 a matsayin reshen jami'ar Landan, da ɗalibai 104, cikin wani tsohon asibitin soja a unguwar Eleyele. Sai a 1962 ta fara cin gashin kanta.

Turawan Ingila sun shirya ta bisa al'adar kwalejojinsu: ɗalibi ya kwana, ya ci, ya yi karatu wuri guda. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew ne suka zana gine-ginen, dogaye masu baranda, da bango mai huji-huji domin iska ta ratsa ba tare da na'ura ba. Gidajen Mellanby da Tedder ne na farko, a 1952. A lokacin kowane ɗalibi da ɗakinsa shi kaɗai, ma'aikata na yi masa wanki, cimaka sau uku a wuni.

Akwai gidan da ya shafe mu. A 1962 Sardauna Ahmadu Bello ya buɗe gidan Sultan Bello, mai sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usman. Shi kuwa Shehu, ba sai mun tuna wa mutanen Tawa ba, a Maratta aka haife shi, nan ƙasarmu.

Amma jin daɗin bai ɗore ba. Ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, gini bai bi su ba, kuma a ɗakin cin abinci rigima ta fara. Ranar 1 ga Fabrairu 1971, ɗaliban gidan Nnamdi Azikiwe suka tayar da zanga-zanga kan lalacewar cimaka, harsashin ƴan sanda ya kashe Kunle Adepeju. A 1978 ƙarin kwabo 50 kan kuɗin abincin wuni ya haddasa boren "Ali Must Go" a jami'o'in ƙasar. A 1984 gomnatin soja ta janye tallafin abincin baki ɗaya.

A ganinmu, tun daga nan tsarin Turawan ya mutu, gine-ginen kawai suka rage. Ɗakin da aka auna wa mutum guda ya koma na mutane da dama, banda baƙon da aboki ke ɓoyewa, abin da ɗaliban Yamai suka sani sarai. Kowa da tukunyarsa. Wanda bai samu gado ba sai ya tsallaka hanya zuwa unguwar Agbowo, gaban ƙofar jami'ar, ya yi ciniki da mai gidan haya.