Yadda kwamitin jama'a ya sake shata iyakokin makarantu a birnin Washinton

A yawancin biranen Amurka, adireshin gida ne ke zaɓa wa yaro makarantar gwamnati. Kowace makaranta tana da yankinta a taswira, kuma duk yaron da ke zaune cikin yankin yana da haƙƙin samun gurbi, ko da azuzuwa sun cika. Saboda haka dillalan gidaje kan ambaci sunan makaranta a tallarsu, kuma gidaje biyu masu kallon juna a titi ɗaya suna iya bambanta a farashi don kawai layin ya ratsa tsakaninsu. Wanda ya taɓa wannan layi ya taɓa makomar 'ya'yan mutane, ya kuma taɓa aljihunsu.

Wannan ne ya sa Washinton, babban birnin tarayyar Amurka, ta shafe fiye da shekara arba'in ba ta yi wa taswirarta garambawul ba. Rabon da a yi cikakken gyara tun 1968, shekara guda bayan alƙali Skelly Wright ya yanke hukunci cewa tsarin makarantun birnin yana tauye 'ya'yan baƙar fata da na talakawa. Daga nan sai faci a kan faci. An rufe makarantu 23 a 2008, aka ƙara rufe wasu 15 a 2013, ana manna yankin kowace a jikin na maƙwabciyarta. Wani gida ya wayi gari da haƙƙin makarantu biyu ko uku, wani kuma da wadda ke nesa da shi. Ga kuma makarantun yarjejeniya, waɗanda gwamnati ke ba kuɗi amma masu zaman kansu ke gudanarwa, sun kwashe fiye da kashi 40 cikin ɗari na ɗaliban. A lokacin, kusan yaro ɗaya ne kawai cikin huɗu ke zuwa makarantar da taswira ta ba shi.

Kamar Abuja, Washinton ba ta cikin kowace jiha, kuma tun 2007 makarantunta na gwamnati suna ƙarƙashin ikon magajin gari kai tsaye. Magajin gari Vincent Gray yana da hurumin sa ma'aikatansa su zana sabuwar taswira a ofis. Sai ya bi wata hanya. A ƙarshen 2013 ya kafa kwamitin ba da shawara mai mutum ashirin da ɗoriya, ƙarƙashin mataimakiyarsa kan ilimi, Abigail Smith. Akwai iyaye da wakilan unguwanni daga mazaɓu takwas na birnin, da jami'an gwamnati masu riƙe da alƙaluman haihuwa da na gine-gine.

Taswirar da aka shimfiɗa musu tana da layuka biyu waɗanda ba ɗan'adam ya ja su ba. Na farko dajin shaƙatawa na Rock Creek, wanda a yammacinsa masu hali suka fi yawa, galibinsu farar fata. A can ne ƙaramar sakandaren Alice Deal take, da babbar sakandaren Woodrow Wilson, waɗanda kowa ke rububinsu har sun cika sun batse. Na biyu kogin Anacostia, wanda a gabashinsa mazaɓa ta 7 da ta 8 suke, inda baƙar fata suka fi rinjaye, talauci ya fi tsanani, kujeru kuma suke zaune babu yara a makarantu da dama. Dubban iyaye daga can suna shiga ƙuri'a kowace shekara don neman gurbi a wata unguwa.

A watan Afrilun 2014 kwamitin ya fitar da zaɓuɓɓukansa na farko, kuma a nan aka yi ta ta ƙare. Wasu daga cikinsu sun nemi a sassauta igiyar da ke ɗaure adireshi da makaranta: a ba kowane gida rukunin makarantun firamare na kusa ya jera su bisa sha'awarsa, ƙuri'a ta raba gardama, manyan sakandare kuma a buɗe su ga birni baki ɗaya. Manufar ita ce a cuɗa 'ya'yan masu hali da na marasa hali. Iyaye suka cika zaurukan taro suna adawa. Mazauna yamma sun ce sun sayi gidajensu da tsada ne saboda tabbacin makaranta. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne cewa da yawa daga mazauna gabas ma ba su yi na'am ba, domin abin da suke nema shi ne makaranta mai kyau a ƙofar gida, wadda yaro zai taka da ƙafa, ba ƙarin ƙuri'a da doguwar tafiya a motar haya ba.

Kwamitin ya ja da baya. Daftarin watan Yuni ya dawo da haƙƙin makarantar unguwa, kowane gida da firamare ɗaya, ƙaramar sakandare ɗaya, babbar sakandare ɗaya. An rage faɗin yankunan Deal da Wilson. Abin da ya rage na burin cuɗanya shi ne tanadin keɓe aƙalla kashi 10 cikin ɗari na gurabe ga yaran wajen yanki, da ba da fifiko a ƙuri'a ga yara masu rauni, irin marasa matsuguni da waɗanda iyayensu ke karɓar tallafin abinci, a makarantun da irinsu suka yi ƙaranci. Sannan aka yi dabarar da ta fi komai kwantar da ƙura: babu yaron da za a cire daga makarantar da yake ciki, sauyin zai riƙa shiga ne sannu a hankali tun daga shekarar karatu ta 2015.

Gray ya amince da shawarwarin a watan Agustan 2014, alhali ya riga ya faɗi zaɓen fidda gwani tun watan Afrilu. Muriel Bowser, wadda ta kayar da shi, ta soki shirin a lokacin yaƙin neman zaɓe, haka ma abokin karawarta David Catania. Mutane da yawa sun ɗauka aikin wata goma ya tafi a banza. Amma da Bowser ta hau kujera, gyara biyu kawai ta yi a watan Fabrairun 2015. Da wuya sabon shugaba ya yaga takardar da aka rubuta a bainar jama'a, bayan taruka masu yawa, da hannun mutanen kowace mazaɓa.

Gyare-gyaren biyu su ma suna da labari. Ɗaya ya ba ɗaliban ƙaramar sakandaren Kelly Miller, da ke gabashin kogi, damar tsallakawa zuwa babbar sakandaren Eastern. Ɗayan ya tsawaita wa unguwannin Crestwood da 16th Street Heights, da ke gabashin dajin, haƙƙinsu na Deal da Wilson har zuwa 2022. Mazauna waɗannan unguwanni an mayar da su ne ga MacFarland, makarantar da aka rufe a 2013 ake kuma alƙawarin sake buɗe ta, kuma suna cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Kunnen tsarin sauraron jama'a ya fi jin wanda ke da lokacin halartar taron dare da sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Uwar da ke aikin dare a asibiti ko otal ba ta cika samun wannan dama ba.

Cunkoson yamma kuwa bai gushe ba, domin sabon layi bai ƙara wa makarantun gabas malamai ko darussa ba. Wilson, wadda aka sauya wa suna zuwa Jackson-Reed a 2022, ta ci gaba da ɗaukar fiye da ƙarfinta, har sai da aka buɗe sabuwar babbar sakandaren MacArthur a 2023 don rage mata nauyi, ita ma a yammacin dajin. A wannan shekarar ce aka kafa wani sabon kwamitin ba da shawara, bisa shawarar na farko cewa a riƙa duba taswirar lokaci-lokaci, aka sake shimfiɗa ta a gaban iyaye.