Ja Da Baya Ga Rago Ba Tsoro Ba Ne: Aikin Maganaɗisu A Cikin Naɗin Waya

A unguwar Arkilla da ke birnin Sakkwato da wuya a sami gidan da babu cajar wayar hannu, kuma gidaje da shaguna da dama sun dogara da sola da inbata. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, irin waɗannan na'urori sukan ɗau zafi, wasu har su ƙone. Ɗaya daga cikin abubuwan da kan jawo haka yana ɓoye a cikin wani ɗan ƙaramin ɓangare, wato naɗin waya, wanda masu gyaran rediyo suke kira koyil.

Mene Ne Naɗin Waya?

Naɗin waya siririyar wayar jan ƙarfe ce da aka nannaɗe a jikin wani dunƙule da ake kira zuciya. Idan lantarki ya bi ta cikin wayar, zuciyar takan zama maganaɗisu, ta adana ƙarfi. Idan lantarkin ya ragu, sai ta mayar da shi. Michael Faraday na Ingila shi ne ya gano tushen wannan al'amari a shekarar 1831. A cikin caja ana kunna lantarki ana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, naɗin kuwa shi ke daidaita gudanarsa.

Galibi ana yin zuciyar da ferait, wani abu baƙi mai kama da fasasshen tangaran, wanda ake haɗawa daga tsatsar ƙarfe da wasu ma'adinai. Yogoro Kato da Takeshi Takei ne suka ƙirƙiro shi a Tokyo a shekarar 1930.

Matsalar Ƙoshi

Kamar yadda soso ba ya shan ruwa fiye da cikinsa, haka zuciya take da iyakar ƙarfin maganaɗisun da za ta iya ɗauka. Idan ta kai iyakar, sai a ce ta ƙoshi. Daga nan naɗin ya daina riƙe lantarki, wuta ta kwararo ba linzami, sauran kayan na'urar su yi zafi. Ferait na caja yakan ƙoshi a wajen tesla 0.5 a yanayin ɗaki, amma idan zafinsa ya kai digiri 100 sai iyakar ta sauko zuwa wajen tesla 0.4. Ke nan zafi yana kawo ƙoshi da wuri, ƙoshi kuma yana ƙara zafi. Wannan ya sa bai kamata a ajiye inbata a ɗakin da ba iska ba, ko a bar caja cikin rana.

Maganin da aka saba shi ne a bar ɗan siririn giɓi a jikin zuciyar. Giɓin yana jinkirta ƙoshi, sai dai yana rage ƙarfin naɗin, dole a ƙara waya ko a ƙara girman zuciya.

Dabarar Rago

Hausawa kan ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, domin fili yake nema. A cikin naɗin da lantarki ke bin hanya guda kawai, zuciyar tana tashi daga sifiri zuwa iyakarta ta gaba, ɗaya rabin filin kuwa, na baya, yana zaune a banza. Sai masana suka sanya ɗan siririn maganaɗisu mai ɗorewa a cikin giɓin, wanda ke ja akasin inda lantarki ke turawa. Da haka zuciyar takan fara aiki daga baya, sai lantarki ya share wannan tazara tukuna kafin ya doshi ƙoshi. A lissafi filin yana iya ninkawa biyu, ko da yake a aikace bai cika kai haka ba. Amfanin shi ne ƙaramar zuciya ta ɗauki nauyin babba.

Me Ya Sa Sai Na Gari Da Danƙo?

Maganaɗisu mai ƙarfi da aka gasa ya zama dunƙulen ƙarfe yana barin lantarki ya bi ta jikinsa. A cikin giɓi, inda ƙarfin maganaɗisu ke hawa da sauka, sai wani lantarki ya riƙa kewaya a cikinsa kamar guguwa yana gasa shi. Léon Foucault na Faransa ya nuna irin wannan ɗumama a shekarar 1855. Don kauce wa haka, akan niƙe maganaɗisun ya zama gari, a cuɗa shi da danƙon roba, a matse. Danƙon yana raba ƙwayoyin garin da juna, guguwar ta rasa hanya.

Haka kuma dole garin ya jure zafi da turin lantarki. Maganaɗisun niyodimiyam, wanda Masato Sagawa na Japan da John Croat na Amurka suka gano a farkon shekarun 1980, ya fi kowane ƙarfi, amma yana rasa ƙarfinsa gaba ɗaya a wajen digiri 310. Na samariyam da kobalt kuwa sai ya haura digiri 700, saboda haka ya fi jure zafin dalma lokacin haɗa na'ura. A farkon shekarun 2000 kamfanin NEC Tokin na Japan ya yi rajistar naɗe-naɗe masu irin wannan gari.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta aiki inda lantarki ke kai da komo, kuma idan mai gyara ya juya ƙafafun naɗin, maganaɗisu da lantarki za su tura waje guda, ƙoshi ya zo tun kafin lokacinsa.

Gwaji A Aji

Malami na iya nuna wa ɗalibai asalin al'amarin da kayan da ke kusa. A cikin robar ƙofar tsohon firiji akwai tsiri na garin ferait da danƙo. A haɗa batir da ƙaramin ƙwan tocila, a bar giɓi a wayar. Idan aka cike giɓin da ƙusa ƙwan zai kama. Idan aka sa tsirin ba zai kama ba, alhali kuwa tsirin yana manne wa ƙarfe. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ya fahimci dalilin da ya sa ake niƙe maganaɗisu a cuɗa shi da danƙo.