Abincin Itatuwa a Dazuzzukan Turai

Yau hirarmu za ta kai mu ƙasashen sanyi, irin su Jamus da Faransa, mu ji abin da ya sami itatuwansu.

Kun san buhun taki mai lamba 15-15-15. Lambobin nan uku suna nuna abinci iri uku: azot, fosfor da potas. Icce ma, kamar hatsi, su yake ci. Yana kuma son kalsiyom da manyeziyom. Duka daga ƙasa yake shan su ta saiwa.

Wajen shekarar 1980, mutanen Jamus suka ga ganyen itatuwansu yana yin rawaya yana zuba. Mi ya kawo haka? Masana'antunsu suna ƙona gawayin ƙasa. Hayaƙin yana ɗauke da farar wuta. In ya gamu da hadari, sai ruwan sama ya yi tsami. Ruwan nan mai tsami ya wanke kalsiyom da manyeziyom, ya tafi da su inda saiwa ba ta kaiwa. Icce yana tsaye, amma yunwa yake ji.

Sai ƙasashen Turai suka tashi tsaye. A 1979 suka sa hannu a birnin Janeba kan rage hayaƙi. A 1985 suka kafa tsarin sa ido kan dazuzzuka. Ma'aikata suna tsinko ganye daga wurare tsayayyu, suna auna abincin da ke ciki. A Jamus har da jirgi mai saukar ungulu ake watsa farar ƙasa cikin daji don kashe tsamin. Farar wuta ta ragu ƙwarai cikin iska.

To, amma ba a gama ba. Da masana suka gwama awon 1992 zuwa 2009, sai suka tarar fosfor yana raguwa cikin ganyen manyan itatuwa da yawa. Ga dalilin da suke gani. Hayaƙin motoci da warin kashin dabbobi suna zubo wa daji azot daga sama. Azot yana sa icce saurin girma. Amma fosfor na ƙasa bai ƙaru ba. Ku ɗauka an ƙara tuwo, miya kuwa tana nan yadda take. Kowace loma miyarta za ta ragu. Iccen da abincinsa bai daidaita ba, fari da ƙwari sun fi saurin kayar da shi.

Ku riƙe abu biyu. Na ɗaya, tsawon icce ba ya nuna ya ƙoshi. Na biyu, ƙasa takan lalace cikin ƴan shekaru, amma gyaranta sai an yi shekaru da dama.

Ga tambaya ku tattauna da malaminku: don mi azot shi kaɗai ba ya isar icce?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.